Jarka Mai Shuɗin Ƙyalle

Wannan saƙon daga wata 'yar zaure ne da ta roƙi a sakaya sunanta. Ga shi yadda ta aiko.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, na gida da na ƙetare. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni da wuri, don abin da ke gabana jibi ne, ni kuwa kaina ya riga ya ɗauki zafi. Na daɗe ina karanta saƙonninku ina shiru, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan zo ina zazzage cikina a gabanku ba. Sunayen da za ku gani duk na canza su. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in ban ɗauko daga tushe ba, ba za ku gane abin da zai sa mace ta riƙa ƙyamar ruwan da ke cikin ɗakinta ba, alhali ruwan nan shi ne mai kyau.

Ni haifaffiyar Agege ce, nan aka yanke cibiyata, Yarabanci a bakina kamar Hausa yake. Ina aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta, a nan nake samun leƙo ku in oga ya fita. Maigidana, bari in kira shi Baban Hanifa, sana'arsa ruwa. Yana da kurar tura ruwa ba ɗaya ba ba biyu ba, yana hayar rijiyar burtsatse kusa da layin dogo, mutanensa, yawancinsu 'yan Nijar, su cika jarkoki su bi gida-gida suna sayarwa, da yamma su kawo masa kasonsa. Wanda bai zauna Ikko ba zai raina sana'ar, to mu a unguwarmu famfo ado ne kawai, abin da za ka sha, da wanda za ka dafa abinci, da na alwala, duk daga kurar ɗan ga-ruwa yake saukowa.

Gidanmu na haya ne, irin mai ɗakuna suna kallon juna. Ƙofar da ke kallon tawa ta Iya Basira ce, Bayarabiya, musulma, tela ce, a bakin ƙofarta take ɗinki. Matar nan ba maƙwabciya ba ce a wurina, 'yar'uwa ce. Da na haifi Hanifa mahaifiyata tana kwance ba lafiya, ita ta yi ta ɗawainiya da ni, ita ke dafa ruwan wankana. Ranar da rikici ya tashi tsakanin mutanenmu da 'yan gari, wanda duk kun ji labarinsa, matasa suna bin gida-gida, ita ta tura ni da Hanifa bayan labulenta, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta tare bakin get tana zaginsu da yarensu har suka wuce. Ba ta iya faɗin sunan 'yata daidai, Iya Anifa take kirana. Ku riƙe wannan a ranku.

Bayan layin dogo akwai wani kamfani mai doguwar katanga, ba zan faɗi sunansa ba. Tun ina yarinya yake nan, kuma duk wanda ka tambaya me ake yi a ciki amsarsa daban, wani ya ce fenti, wani maganin ƙwari, wani batir. Akwai ƙaton tanki a ciki da ake hango kansa ta saman katanga, da wata alama ruwan ɗorawa mai kama da fanka a jikinsa. 'Yan makonnin baya, wata Asabar da hantsi, tankin nan ya fara gurnani, farin hayaƙi yana fita ta samansa, ga wani wari kamar an haɗa ruɓaɓɓen ƙwai da ƙonanniyar roba, mai kama maƙogwaro.

Kafin ka ce kwabo unguwa ta rikice. Wani malamin firamare ya ce shi ya san alamar nan, ta nukiliya ce, irin abin da aka taɓa faɗa a rediyo na wata tasha a ƙasar waje da ta lalace, ana ta kwara mata ruwa mutane suna barin gari. Shi ke nan kalmar ta shiga bakin jama'a, tsohuwar da ba ta san ko cin ta ake yi ba tana tafe tana salati tana cewa nukiliya ta fashe. Wasu suka ce a rufe taga a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, wasu suka ce ina, wanda ya zauna a ɗaki shi zai fara mutuwa, a gudu. To a gudu ina? Motocin haya na danfo sun cika har kan rufi, 'yan okada masu babur sun ga banza, ba sa ko kallon wanda bai yi kama da mai kuɗi ba. Aka ce manja yana kashe dafi, kafin azahar babu manja a kasuwa, na ga ƙato da gemunsa yana kurɓar manja a murfin kwano yana gangaro masa a riga. Ni ma ban tsira ba, na ɗura wa Hanifa, ta amayar mini da shi a jiki. Sai ga 'yan kamfanin a mota da lasifika suna cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, ba wani haɗari, su kuwa kowannensu ya rufe hanci da baki da abin nan na likitoci. Har wannan rana da nake rubuto muku, babu mahaluƙin da ya fito ya gaya mana mene ne a cikin tankin nan.

Abin da muka dai fahimta shi ne tankin ya yi zafi, in ba a sanyaya shi ba zai fashe. Babu wuta, injin kamfanin ya ƙi tashi, motar kashe gobara ta zo ta juye abin da ke cikinta ta tafi ɗebo wani, cunkoso ya riƙe ta a hanya. Nan ne manaja ya aiko a kira Baban Hanifa. Ya tattara mutanensa kaf ya shige da su, kura bayan kura, suna hawa tsani suna miƙa jarka hannu da hannu suna kwara wa tankin, ruwan yana ƙara kamar an zuba a kasko mai zafi. Ba zan yi ƙarya ba, ranar na yi alfahari da mijina. Kowa yana gudu yana barin wurin, shi da mutanensa suna shiga. Da ruwan burtsatsen ya ƙare, tunda babu wutar da za a jawo wani, sai aka ce su koma kan ruwan da ya gangaro daga jikin tankin ya taru a wani rami a harabar, su riƙa cika jarkokin da shi suna mayarwa. Waɗanda suka gani sun ce ruwan ya yi kalar shayi mai madara, da maiƙo yana ƙyalli a samansa. Haka suka yi ta yi har washegari, tankin ya yi shiru.

Wayyo, ku zo ku ga karramawa! Matan Yarbawa suna tare shi a hanya suna zuba masa addu'a, mai gidan hayarmu da gaisuwa ma da ka yake amsa mana ya zo har ƙofa yana kiransa oga, liman ya ambace shi bayan sallah. Iya Basira, da tsohon cikinta, ta dafa ƙirji ta ce in namiji ta haifa sunan Baban Hanifa za ta sa masa, don shi ya hana ta haihuwa a bakin titi. Bayan kwana kaɗan kamfanin ya aiko da mota cike da sababbin jarkoki. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji mutumin da ya kawo su yana nanata wa maigidana da Turancin buroka cewa tsofaffin a farfasa su duka, kada a sake zuba ko ruwan wanki a ciki. Ya ce to oga, an gama. Na koma harkokina, raina fes.

Ranar da idona ya buɗe ina tsakar gida ina wanke-wanke, rana ta take, sai ga Hamissu ya turo kura. Hamissu yana cikin mutanen maigidana, magidanci ne daga wajen Tawa, mutum mai kunya, shekara da shekaru yana kawo mana ruwa bai taɓa ɗaga ido ya kalle ni ba. Ya sauke mini nawa, ya sauke wa Iya Basira nata, sai ya tsaya yana goge zufa, ya ce, "Maman Hanifa, taimaka mini da ruwa in sha."

Na kwashe da dariya, na ce, "Kai Hamissu, yau kuma wasa kake ji? Kura cike da ruwa a gabanka kake roƙona ruwa?"

Bai yi dariya ba. Ya dubi ƙofar Iya Basira, ya rage murya ya ce, "Ba ni shan na bidon ga." Su bido suke ce wa jarka.

Da na miƙa masa kofi sai na ga hannunsa, fatar tafin tana saɓulewa kamar ɓawon dafaffen rogo, ƙafarsa ma haka. Na tsare shi da tambaya, ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa. Ko jarka ɗaya ba a fasa ba. An wanke su da garin sabulu da yashi, Baban Hanifa ya ƙaro kura ya ƙaro mutane, tsofaffi da sababbi duk suna kan titi suna aiki. Ku sani, ɗan ga-ruwa ba ya yar da jarka, in ta tsage a narka roba a liƙe, in murfi ya ɓata a toshe da leda, kuma duk kalarsu ɗaya, mako guda cikin taɓon Agege ba ka bambanta sabuwa da tsohuwa. Shi ya sa ogansu, wato maigidana, ya sa aka ɗaura wa kowace sabuwa shuɗin ƙyalle a mariƙi. Masu ƙyalle su ake kaiwa gidan oga da gidajen manyan zango, marasa ƙyalle kuwa na sauran bayin Allah ne. Hamissu ya haɗa ni da Allah kada in ce shi ya faɗa, ɗiyansa suna gida suna jiran abin da zai aika.

Na juya na dubi jarkokin da ya sauke a ƙofata, kowace da shuɗin ƙyallenta. Na dubi na ƙofar Iya Basira, babu. Innalillahi! Makonni ina ganin ƙyallen nan ban taɓa kawo komai a raina ba. Kuma na san yadin. Ragowar wani anko ne da Iya Basira ta ɗinka wa mutane, a gabana Baban Hanifa ya tsaya a bakin kekenta yana murmushi ya ce Iya ko za a samu guntayen yadi, ta tashi da ƙyar da cikinta ta cika masa leda, tana jin daɗi yau ta yi wa mutumin kirki abu. Wato a hannunta ya karɓi abin da zai yi alamar ruwan da ba za a ba ta ba.

Da maigidan ya dawo na tare shi. Da farko borin kunya ya fara yi, wai wa ya gaya mini, wai na fara bin diddigin sana'arsa. Da ya ga ban da niyyar sauka sai ya koma lallashi, ya ce an wanke su tas, shi da kansa ya tsaya a kai, kuma ai 'yan kamfanin da bakinsu suka ce ba haɗari, wa ya mutu, in nuna masa gawa ɗaya. Na ce to in ba haɗari ƙyallen na mene ne? Ya ce kariya ce kawai, mutum ai ya fara kula da iyalinsa. Na ce Iya Basira ba iyalin wani ba ce? Ya ce ni ban san zafin nema ba, jarka lafiyayya ba tsaga ba huji a ce ya sa wuƙa ya yanka, ai almubazzaranci ne. Ku ji fa, almubazzaranci! Mutumin da ko ƙuda ya faɗa masa a kofi sai an canza kofin. Daga nan ya fito da abin da ya san zai ɗaure ni, ya ce in na kuskura maganar nan ta fita, ba za a ce jarka ba a wanke ba, cewa za a yi Hausawa sun zuba guba a ruwa, kuma na san abin da zai biyo baya, jinin duk wanda aka kashe yana wuyana. Ya ja bargo ya juya mini baya, har da minshari.

Na ce bari in kai ƙara wurin babba. Akwai wani dattijo a zango, zan kira shi Alhaji Babba, aminin mahaifina ne, shi ya ba da aurena. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya sa aka kawo mini ruwa, ina ɗaga kai sai na hango jarkoki jere a soro, kowace da shuɗin ƙyallenta. Duk da haka na faɗa masa. Ya saurare ni yana jan carbi, bai ko yi mamaki ba, ya ce, "'Yata, kin san garin da muke zaune. Tun da sojoji suka koma bariki zaman ɗar-ɗar muke yi, yanzu ne ma mutanen nan suka fara ganinmu da mutunci, ke kuma ki zo ki watsa mana ƙasa a ido?" Ya ce jarka ba ta da tsawon rai, zuwa damina duk za su lalace da kansu, in yi haƙuri, Allah ne mai kiyayewa. A raina na ce Baba, in Allah ne mai kiyayewa kwance ƙyallen mana. Ban faɗa ba, ubana ne. Amma kofin nan na ajiye shi yadda aka kawo, na kasa kai shi baki. Tir da wannan dattaku!

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsoron nasu ba ƙarya ba ne. Ni na kwana a bayan labule, na san yadda magana ke tashi a garin nan da safe kafin la'asar a ga hayaƙi. Kuma in abin ya tashi ba Baban Hanifa za a fara samu ba, ba Alhaji Babba ba, su suna da get, suna da inda za su ɓuya. Hamissu za a samu, yana tsakiyar titi da kura, ko Yarabancin da zai roƙi rai da shi bai iya ba. Mutumin da ya ba da fatar hannunsa don unguwar nan kada ta ƙone. Iya Basira ita kanta ba za ta cuce ni ba, amma cikinta ba ya riƙe magana, in ranta ya ɓaci duk layin sai ya ji, kuma ƙanin mijinta yana cikin samarin tasha masu zafin kai. Sun sami gaskiya guda ɗaya sun fake a bayanta suna cin ƙazanta, wannan ne abin da na kasa haɗiyewa.

Ban zauna haka ba. Na je ƙofar kamfanin ko zan sami wanda zai gaya mini mene ne a ruwan, na tarar an garƙame, sabon maigadi ya ce shi bai san komai ba, masu wurin sun yi tafiya. Na tambayi mai kemis a kaikaice, ya ce sai an kai ruwan an auna, shi bai ma san inda ake aunawa ba. Na buɗe jarka marar ƙyalle na shinshina, kamar akwai ɗan warin nan can ƙasa, kamar kuma babu, ban sani ba ko hancina ne ko zuciyata. Basira, 'yar Iya Basira, ta yi ƙuraje a wuya da bayanta, nas ta ce na zafi ne, kuma lokacin zafin ne da gaske. Yara a layinmu suna zawo, to yaushe ne yaran Agege ba sa zawo? Mai shayin bakin titi ya ce mutane suna cewa shayinsa ya canza ɗanɗano, ya ɗora laifin a kan madara. Ba ni da abin da zan riƙe in ce ga shi, kuma ba ni da abin da zai sa in yi barci. Ina ta fakar ido ina juye wa Iya Basira ruwana a durom ɗinta in ta shiga wanka, sai maigidan ya lura ruwanmu yana saurin ƙarewa ya hau faɗa. Kuma gida nawa zan bi ina juyewa? Masallacin layinmu ma marasa ƙyalle ake kai masa.

Ran nan na ga Hanifa ta dawo daga makaranta tana tsotsar ƙanƙara mai zaƙi, na tambaye ta wurin wa ta saya, ta faɗa, matar kuwa a wurin mutanenmu take sayen ruwa, marar ƙyalle. Na ce alhamdulillahi, yau Baban Hanifa zai ji a jikinsa. Na gaya masa. Fuskarsa ta canza, na ce to ga shi ya dawo hayyacinsa. Sai ya kira yarinyar ya ce daga yau in ya sake ganinta da ƙanƙara sai ya zane ta. Maganin da ya samo ke nan. Tun ranar ko hannunsa ya taɓa ni sai in janye jikina, in ya ɗaga buta zai yi alwala da ruwansa mai ƙyalle kawar da kai nake yi. Shekarunmu tare ban taɓa kama shi da mace ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba, in na kai ƙararsa gida cewa za a yi na haukace, miji kamar wannan?

To yanzu Iya Basira ta sauka, namiji, kuma tana nan kan bakanta, sunan maigidana za a sa. Jibi ne suna. Baban Hanifa ya tashi a gaban mazan gidan ya yi alkawarin duk ruwan da za a yi hidima da shi a kansa, kyauta, aka yi ta tafa masa. Na bi shi ɗaki na roƙe shi, har da hawaye, na ce ko na ranar nan kaɗai a kawo masu ƙyalle. Ya ce ba za su isa ba, na gidajen manya ne, in aka yanke musu rana guda Alhaji Babba zai tambaya, kuma ai ruwan girki ne, wuta za ta kashe komai. Na ce zoɓon fa? Ruwan shan baƙi fa? Wankan jaririn fa? Ya ce na cika naci, ya ɗauki hularsa ya fita.

Yau da safe kafin in fito aiki ta ƙwala mini kira, "Iya Anifa, zo ki ga maigidanki ƙarami!" Na shiga, ta miƙo mini shi, ta ce ni ce uwar girki ranar suna, shinkafa da zoɓo duk a hannuna, don ba ta yarda da hannun kowa ba sai nawa. Sannan ta jawo leda daga ƙarƙashin filo ta fito da 'yar rigar da zai sa ranar, wadda ta ɗinka tun tana da ciki. Shuɗiya. Ta ce ragowar yadin nan ne da ta ba Baban Hanifa, ta ɓoye ƙyalle mai ɗan faɗi don ta ga yana son kalar, zai ji daɗi in ya ga takwaransa a ciki. Ta tambaye ni ko guntayen sun yi masa amfani. Na ce sun yi. Da bakina na ce sun yi, ina riƙe da ɗanta.

Jama'a, ga inda nake. Na yi tunanin in ɗauki wuƙa in je inda ake ajiye kura in farke marasa ƙyallen nan duka, amma zai ce mutanensa ne suka yi, kan Hamissu zai sauke, in kuma na ce ni ce aurena ya mutu, ya narka roba ya liƙe waɗanda za su liƙu. Na yi tunanin in kwance ƙyallen duka in zubar, kowa ya sha abin da kowa ke sha, in ga ko manyan zango za su jira damina, sai in tuna Hanifa ma a ciki za ta sha. Na yi tunanin in ja Iya Basira ɗaki in gaya mata, in haɗa ta da Allah ta yi shiru, amma wace uwa ce za a ce mata ga abin da 'ya'yanki ke sha ta yi shiru? Ni da an ce mini haka, da ban yi shiru ba. In akwai likita a cikinku, ko wanda ya karanci irin waɗannan abubuwa, don girman Allah ya gaya mini, roba tana riƙe dafi bayan an wanke ta? Tafasawa tana kashe shi? Ko duk tsorona ne kawai, in samu in huta? Malamai kuma ku gaya mini, shirun da nake yi don kada a zubar da jini, lada nake samu ko zunubi nake tarawa?

Kada wanda ya ce mini in yi ta addu'a kawai, ina yi, Alhaji Babba ma yana yi, da ƙyalle a jarkarsa. Jibi da safe liman zai raɗa wa yaron nan sunan mijina, yana sanye da shuɗiyar rigarsa, ni kuma ina tsaye a gaban tukunya da jarka marar ƙyalle a hannuna, matar da ta tare mini get tana kallona tana murmushi. In zuba, ko in buɗe baki? Don Allah ku gaya mini.